Ran da Kwanar Sallau ta ɓace

"Allo? Allo! Ki ce mai Site Alheri, layin bayan antan, dogon ƙarfen nan na salula!"

Rashidu ne ke ihu cikin salula, jijiyar wuya a waje. Shi ne perzidan na samarin unguwa, shi ya laƙa mata wannan suna, har ya sa aka rubuta allo da faransanci. Ban da awaki masu sosa jiki, ba wanda ya taɓa amfani da allon.

Ramla, ɗiyar maƙwabta, tana bakin zaure da buta a hannu tana kallonshi. A ciki an gama yi wa Baba Sallau wanka, an sa likkafani, fuska kaɗai aka bari. Da hantsi ya cika, bayan ya sha furarshi ya ce ta yi tsami. Liman ya ce kafin rana ta take za a ɗauka. Ga ƙanwar mamacin, Inna Uwale, ita kaɗai ta rage cikin 'yan ɗakinsu, ta taso daga Adjekoria bisa babur ɗin kabu-kabu. Abu guda ta roƙa: kada a rufe fuskar sai ta gani. Tun ɗazu ta shigo Dakoro, gidan ne ya ƙi samuwa.

Ramla ta aje buta ta fizge salular.

"Inna, ni ce Ramla. Kuna ina?"

"Ke, ina gawon nan babba?"

"An sare shi da aka kawo lantarki."

"Rijiyar fa?"

"An rufe ta, fanfo muke sha."

"To mi kuka bari?"

Mai babur ya karɓa, ga kukan shanu na tashi bayanshi, don ran kasuwa ce. "Hajiya, ni baƙo ne. Duk wanda na tambaya sai ya ce in miƙe har in ga tsoho mai tufka igiya, in yi dama. Na je na dawo, na je na dawo. Wallahi ba tsoho!"

Nan Ramla ta gane. Lokacin da Sallau ya zo nan, wurin burtali ne, shanu ke bi su tafi kasuwa. Ya shimfiɗa buzu gindin gawo yana tufka wa madugai igiya. Bukkoki suka biyo shi, laka ta biyo bukkoki, siminti ya biyo laka. Gawo ya tafi, rijiya ta tafi, shi bai gusa ba ko taki. Duk kwatancen unguwar a kanshi aka ɗora. Labarin rasuwa kuwa bai kai bakin hanya ba tukuna, mutane na ta tura baƙo wajen mutumin da ke kwance cikin farin ƙyalle.

"Ka sake biyowa," ta ce. "Za ka gan shi."

Ta faɗa ɗaki a guje, ta fito da buzu, da malfa, da igiyar da bai ƙarasa ba. Dattawa duk sun yi alwala sun jeru. Mutum guda ne ba shi da aikin yi.

"Perzidan, unguwa na buƙatarka."

"Ni? Da kostim ɗin nan, kwat da wando? Ke kin san ko ni wa ne?"

"Shi ya sa. Ba kowa ake ba wurin nan ba."

"Rashidu," liman ya ce, yana duban inuwa, "tafi ka zauna."

Haka aka kai perzidan kwanar layin, aka zaunar da shi bisa buzu, takalma masu tsini a gaba, malfa ta rufe mai ido. Ramla ta cusa mai igiya tsakanin yatsu.

"Yi ta murzawa. Kada ka yi magana."

Wani Bafillace ya zo wucewa da tumaki. "Baba Sallau, mun kwana lafiya?"

"Bonjur," in ji Rashidu cikin malfa.

Mata suka cika ƙofar gida, kowa wuya a miƙe. Can sai ga babur ya ɓullo cikin garke, ya wuce, ya ja birki, ya karkato dama.

"Ga su nan! Malam, a dakata, ga su nan!"

Inna Uwale ba ta jira babur ya tsaya ba. Ta sauko, ta ɗan tsaya kan Rashidu, ta dubi hannuwanshi.

"Baya kake murza ta," ta ce, ta shige.

Maza har sun kama makara, suka saki, suka ja gefe. Ramla ta riƙe mata labule. Tsohuwa ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta daɗe tana kallon fuskar.

"Yaya, ashe haka ka yi furfura."

Ƙuda ya sauka a goshinshi. Ta kore shi da bakin mayafi, sannan ta ja likkafanin da kanta.