Haƙorin Rubab a Bakin Gyale

Shagufta ba ta taɓa shiga gaban manya da ƙazanta ba. Ko masu duba mita za su zo, sai ta wanke tsakar gida.

'Yarta Rubab ta kai sha tara, amma haƙoranta na sama sun turo gaba har leɓe ba ya rufuwa. Tun tana firamare yaran unguwarsu a Multan suke ce mata Zomo. Ta girma tana magana ta bayan gyale, dariya kuwa sai a ɗaki.

Sai wata maƙwabciya mai shara a makarantar likitocin haƙori ta kawo labari: ana binciken ƙarfin ƙashin muƙamuƙin sama, kuma duk wanda aka zaɓa za a sa masa wayar daidaita haƙora kyauta.

"Amma fa, Yaya, masu lafiyayyen baki suke ɗauka," in ji ta.

Shagufta ta ja Rubab cikin rana, ta ce ta buɗe. Can ciki, a sama, ga wani haƙorin turmi da baƙin ɗigo. Wannan abin kunya za a kai wa babbar likita?

"Ammi, ai ba ya ciwo."

"Yi mini shiru, uwar sani. Sai ya yi ciwon a gaban mutane?"

Washegari ta kai ta wurin Caca Nazir, wato Kawu Nazir, mai cire haƙori a bakin tasha. Ya fizge shi yana ba wani labarin kokawa. Shagufta ta ƙulle haƙorin a bakin gyalenta, ta yi ta dama wa yarinya kunun shinkafa har wurin ya warke.

Ran tantancewa Dakta Tehmina ta duba gaban bakin, ta ce, "Madalla, irin wannan muke nema." Ta ƙara matso fitila, sai ta tsaya.

"Ina haƙorin nan?"

"Mun gyara, ranki ya daɗe Dakta," in ji Shagufta, har da murmushi. "Ya ɗan yi baƙi."

Likitar ta ajiye madubin.

"Kash! Baiwar Allah, baƙin ɗigo ai cikewa ake yi, mu ci gaba. A daidai nan muke auna ƙashin. In aka cire haƙori, ƙashin wurin zaizayewa yake yi, awon ya ɓaci. Wanda aka taɓa cire wa na sama ba ya shiga."

"Guda ɗaya ne fa, tak!"

"Ba ni na tsara ba. In na saka ta, na ɓata aikin duka."

Kaico, me rawar jiki ba ta sa uwa? Shagufta ta kwance bakin gyale, ta miƙa haƙorin a tafin hannu.

"Ga shi nan, ban yar ba. Don Allah a mayar."

Likitar ba ta yi dariya ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta dai kira mai bi musu a layi.

A cikin keken haya Shagufta ta tsine wa Caca Nazir, ta tsine wa maƙwabciya da bakinta. Kanta ne kawai ta kasa ambata. Rubab ta ja gyale ta rufe baki kamar kullum, muryarta ta fito a hankali.

"Ammi, na gaya miki ba ya ciwo."