Akwati Mai Mutum Ɗaya

Ranar da Darryl Kowalchuk ya shigo ofishinmu riƙe da rahotona, ya naɗe shi kamar zai kashe ƙuda, na san ba alheri ya kawo shi ba. Shekarata uku a hedikwatar kamfanin haƙar ma'adinan nan a Saskatoon, shi da yake shugaban sashen kare haɗurra bai taɓa taka ƙofarmu ba sai ranar da ake rabon kek.

"Tanis, aiki ya yi kyau," in ji shi. "Musamman shafi na sha ɗaya."

Ya yi murmushi ya fita. Abokin aikina Wendell ya juyo da kekensa na guragu ya zuba mini ido. Da ma ya zage ni ya fi mini sauƙi.

Mu biyu ne a ofishin. Ni nake kula da sha'anin ma'aikata 'yan asalin ƙasa, Wendell kuma na masu nakasa. Bara muka fito da wata takarda da kowane ma'aikaci zai cike in ya ga dama: ƙabilarsa, mace ko namiji, sashen aikinsa, da ko yana da wata lalura. Babu suna. Manufarmu mu nuna wa manya da lambobi abin da suka ƙi gani da ido.

A mahaƙar arewa mutanenmu suka ƙi taɓa takardar. Ba su yi laifi ba, iyayensu sun cike takardun hukuma sun ga abin da ya biyo baya. Sai na hau jirgin ma'aikata na tafi da kaina, na nemi Anti Philomene. 'Yar ƙabilar Dene ce, ni Cree, amma tun ina yarinya take kawo wa mahaifiyata busasshen nama. Shekara sha shida tana tuƙa ƙatuwar tifar da ke kwaso dutse daga rami, ko fitila ba ta taɓa fasawa ba. In ta cike, kowa zai cike.

Na ƙulla taba a jan ƙyalle na miƙa mata, yadda ake roƙon babba. In ta karɓa ta ɗauki nauyin roƙon, ni kuma na ɗauki nauyin duk abin da na faɗa. Ta daɗe tana kallon ƙullin a tafin hannuna.

"Wa zai gani?"

"Ni da Wendell kaɗai, Anti. Lambobi ne za su fita, ba mutane ba."

Ta karɓa. A nan ta gaya mini kunnenta na hagu ya mutu shekara huɗu da suka wuce, bayan wani zazzaɓi. Oba-obarta a dama take rataye ta, madubanta kuma ta ƙara musu ɗaya da kanta. Ko 'ya'yanta ba su sani ba.

Da muka zo haɗa rahoto, Wendell ya ce duk akwatin jadawalin da adadinsa bai kai mutum biyar ba a rufe shi, haka ƙa'idar aikin take. Na ƙi. In aka rufe, matanmu sun ɓace daga rahoton ƙaf, kamar yadda suke ɓacewa a kowane rahoto tun kafin a haife ni. So nake manya su ga ƙarancinmu su ji kunya.

"Ke dai kina son faɗa," in ji Wendell. "Ni na zauna a akwati mai mutum ɗaya tun ina firamare. Ba daɗi, ranki ya daɗe."

Na ce masa ya cika tsoro. Na tura rahoton ranar da ya tafi ganin likita. Wannan shi ne abin da na yi, ba wanda ya sa ni.

Shafi na sha ɗaya: mahaƙar arewa, direbobin manyan motoci, mace, 'yar asalin ƙasa, lalurar ji. Adadi, ɗaya. Mace ɗaya ce tak ke tuƙi a mahaƙar arewa, har kare ya san ta.

Kwana biyu bayan zuwan Darryl sanarwa ta fito. Za a gwada jin duk direbobin mahaƙar arewa nan da sati uku, kowa da kowa, don lafiyarsu. Na same shi a ofishinsa.

"Ba ka da ikon amfani da wannan bayanin a kan mutum."

"Wane mutum?" Ya buɗe hannuwa. "Ni ban ga suna ba. Kin ga suna? Amma tunda kamfani ya sani a rubuce akwai direban da ba ya ji sosai, in tifa ta taka wani gobe, me zan ce wa kotu? In ce na karanta na rufe?" Ya sassauta murya. "Ba korarta za a yi ba, Tanis. Za a sauƙaƙa mata aiki. Ai ku kuka koya mana."

Korarta, ya ce. Bai ma ji kansa ba.

Sati ukun nan abinci bai yi mini daɗi ba. Wendell ya rubuta takardu har huɗu, ya kawo tarihin tuƙin Anti, ya kawo sunan na'urar da ke ɗauke sauti daga mataccen kunne ta kai wa mai rai. Aka amsa masa da godiya, aka ce za a duba bayan gwaji. Mutanen da ke gaishe ni a lif suka koma kallon lambobin hawa. Daga arewa kuwa wayata ta yi tsit, ko masu neman a gyara musu hutu sun daina kira, kuma shirun nan ya fi komai tayar mini da hankali.

Saura kwana biyu gwaji na hau jirgi. Na sami Anti a ɗakin cin abinci da rana, tana shafa wa banok, gurasar mutanenmu, man shanu. Teburin cike yake da direbobi, ina zama suka ɗauki farantansu ɗaya bayan ɗaya.

"'Yar birni ta zo," in ji ta. "Kin rame. Ba sa ba ku abinci a can, sai takarda?"

"Anti, ni ce na..."

"Na sani. An manna shafin a bayan ƙofar banɗaki, an zagaye lambar ɗayan nan da jan biro. Har da zanen kunne, wanda ya zana ma ya iya zane." Ta gutsuri banok ta tauna a hankali. "Jiya abokin tuƙina Lambert ya tsaya ta haguna yana zagin uwata don ya gwada ni. A gilashin taga na ga bakinsa. Shekara goma ina raba abincina da shi."

Na ce zan kai ƙara, zan je wurin ƙungiyar ma'aikata, zan ajiye aikina in ta kama.

"Ajiye naki zai dawo mini da nawa?" Ta goge yatsunta. "Da takarda kika zo mini kawai, da na ce a'a kin tafi. Taba kika ba ni, Tanis."

Ta tashi, lokacin komawarta rami ya yi. Ta taga na ga ta hau tsanin tifar, ƙaramar mace cikin jar rigar sanyi, ta shafa ƙofar kafin ta buɗe.

Gwajin ya nuna abin da kowa ya sani. Aka karɓe mata mabuɗi "na ɗan lokaci". Wasiƙar sauƙaƙa aiki daga ofishinmu take fita, Wendell ya ce hannunsa ba zai taɓa ta ba, don haka ni na sa hannu. An ba ta sabon matsayi, mai ba da shawara kan shigar da kowa cikin aiki, sati biyu a Saskatoon, sati biyu a gida. Darryl ya aiko da furanni, ya tambaya ko za ta yarda a sa hotonta a bangon rahoton baɗi.

Ranar Litinin ta iso da rigar ofis da ba ta zauna mata ba. An ajiye mata tebur kusa da nawa, da kwamfuta da kofin kamfani. Ta gaishe da Wendell, har ta tsokane shi cewa tayoyinsa na buƙatar iska. Ta tsaya ta dubi teburin, ta dube ni. Sai ta kama gefensa ta ja shi, ƙafafunsa na kuka a ƙasa, ta zagayo da shi ɗaya ɓangaren, ta zauna kunnenta na hagu yana fuskantata.

"Anti, ina kwana," na ce.

Ta ci gaba da neman inda ake kunna kwamfutar.