Ƙarar da Ke Riga Rami

Maigidana bakanike ne, shekara talatin da huɗu yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. A layin garejinsu Likita ake ce masa. Da can mota tana shigowa zai ɗaga kai daga abin da yake yi ya ce, "Wannan ƙafar baya ce, ta hagu," tun mai motar bai kashe inji ba. Bai taɓa aikin canki-canka ba, kuma da wannan yake taƙama har a gida, in ya samu mai saurarensa.

Ni tela ce, kekena yana falo kusa da taga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ni na fara lura. Rediyo ya riƙa ƙara masa murya har kofuna su yi rawa a kan tebur. In na kira shi daga kicin sai na kira sau uku. In na yi magana ya ce ni ce nake magana ciki-ciki, ni da maƙwabta suke jin muryata ta bayan katanga. Na yi zancen asibiti sau biyu, ya ɗaure fuska kwana biyu-biyu, na ƙyale shi. Shekara biyu muna wannan wasan ɓuya.

Abin da ya tona asiri a-kori-kurar wani mai ƙwai ce. Mutumin daga gona yake ɗauko ƙwai yana rarraba wa shaguna, kuma ya fi shekara goma ba ya kai motarsa wurin kowa sai wurin maigidana. Ya kawo ta da ƙorafin cewa in yana tafiya a hankali a hanya mai ramuka, sai wani abu ya ce gwaf a ƙarƙashi, sau ɗaya, kamar an saki guduma. In ya hau kwalta ya ba ta wuta, shiru. Maigida ya canza shokozoba, ƙarfen da ke rage wa mota tsalle, motar ta dawo. Ya canza robobin sifirin na baya, bayan kwana biyar ta sake dawowa.

Ranar zuwan motar na uku sai ga maigida a gida da tsakar rana, abin da ba ya yi ko da zazzaɓi. Ya ajiye makullin gareji a kan teburin kekena, kan yadin mutane, ya zauna a kujera bai cire takalmi ba.

"Na rufe," ya ce. "Ki gaya wa ƙanenki, in har yanzu yana neman wurin ajiye kaya, ya zo ya karɓa."

Na tsayar da keke. "Rufewa kamar yaya?"

"Na zaga da motar nan sau huɗu yau. Mutumin yana gefena yana ce min, ka ji? ka ji? Ni kuma ina gyaɗa masa kai." Ya dubi tafin hannunsa. "Ban ji komai ba, Maman yara. Wancan karon ma ban ji ba, na farkon ma haka. Kaya biyu na cire daga motar bawan Allah ban san ko suna da laifi ba."

Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya fi tausayin yawa. Shekara biyu ina jiran ya faɗi wannan maganar, sai ya faɗe ta tare da jefar da sana'arsa. Na san mijina. In ya bar garejin nan, ba zai yi wata shida a kujerar falo ba sai ya zama wani abin da ban sani ba.

Na ɗauki mayafina, na ɗauki makullin. "Tashi mu je."

"Ina?"

"Wurin motar."

"Me kika sani a mota?"

"Ko ɗaya. Amma in allurar keken nan ta fara gogar ƙarfe, daga kicin nake jin ta. Kai ka san mota, ni ina da kunne. Tashi, kada ka sa in ɗaga murya maƙwabta su ji abin da kake ɓoyewa."

Ya tashi, yana gunaguni.

Rabona da garejin tun yaran suna ƙanana. Yana nan yadda na san shi: rumfar kwano, ƙasa ta yi baƙi da mai, rami a tsakiya da ake ɗora mota a kai, sifanu a rataye jikin allo kowanne da zanen wurinsa. Mai walda na kusa da garejin ya ɗaga baƙin gilashinsa ya gan mu tare. "A'a, yau Likita ya ɗauko nas ke nan?"

"Nas ɗin ce ta ɗauko Likita," na ce masa. Maigida bai ji ba, shi ya sa na samu sakewa.

Motar tana gefe, farin fentinta ya koɗe, bayanta cike da kiret-kiret da babu komai a ciki. Cikinta warin kaji, an shimfiɗa kwali a inda kujera ta yage. Na tattare zanena na hau.

Akwai wani layi a bayan garejin da ruwa ya cinye, rami yana bin rami. Nan muka shiga. Ba mu yi nisa ba na ji ta, gwaf, a ƙasa, wajen baya, har a tafin ƙafata. Na ce, "Ga ta nan." Kafin ya waiwayo ya karanta bakina ya gane abin da na ce, mun wuce wurin da nisa. Muka sake, haka dai. Sai ya tsaya.

"Bar magana. Sa hannunki nan." Ya nuna gwiwarsa. "Da kin ji, ki buga. Ni zan kalli hanya."

Shekara talatin da ɗaya da aure, sai ga ni ina jin kunyar ɗora hannu a gwiwar mijina a titi da rana tsaka. Na ɗora dai.

Ya ce zai tuƙa ta irin tuƙin mai ita. Mai ƙwai kuwa tuƙin lallaɓa yake yi, don kowane rami yana iya fasa masa kiret guda. Muka tunkari rami na farko a hankali. Gwaf. Na buga.

"Kin yi gaggawa," ya ce. "Ba mu kai ramin ba."

Muka ci gaba. Rami na biyu. Gwaf. Na buga.

"Ke, ki bari taya ta faɗa tukuna. Kina ganin rami kina bugu na."

"Ni ba rami nake buga maka ba, ƙara nake buga maka."

"Ƙarar ai a ramin take."

"Wa ya gaya maka? Kai ka ji ta?"

Maganar ta fito da kaifi fiye da yadda na so, na kuma yi da-na-sani nan take. Ya tsayar da motar a gefen hanya. Na ɗauka fushi zai yi ya ce mu koma gida. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa ta dama.

"Mai ƙwai ne ya gaya min," ya ce a hankali. "Sake sa hannun."

Wannan karon ya fita daga layin ramukan ya hau wani shimfiɗaɗɗen titi da ke bin katangar makaranta, babu ko tsakuwa. Yana tafiya kamar mai bin gawa. Ya ɗaga ƙafa daga totur. Gwaf. Na buga. Ya sake takawa. Gwaf. Na buga. Ya ɗaga, na buga, ya taka, na buga, har wani mai sayar da lemo ya bi mu da kallo yana mamakin wannan tsoho da bai iya tuƙi ba. Daga nan ya koma layin farko, ya cire giya ya bar motar ta gangara cikin rami mafi zurfi da kanta. Kiret-kiret suka yi tsalle a baya, haƙorana suka haɗu, amma gwaf ɗin ba ta zo ba. Ya dubi hannuna yana kwance a gwiwarsa bai motsa ba, sai na ga fuskar da na yi shekara biyu ban gani ba.

A gareji ya ɗora motar kan rami, ya sauka da fitila, ya ce in sauko. Na ce da wannan zanen? Ya ce zai saya min wani, na san ƙarya ce, na sauka. Ya nuna min farfela, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. A ƙarshensa akwai wata mahaɗa da suke kira kuros, gefenta duk jan garin tsatsa. Ya kama hannuna ya ɗora a kai, ya murɗa ƙarfen hagu da dama. Na ji yana motsi a cikin gurbinsa kamar haƙorin da ya kusa fita.

"Kin ji? Giris ya ƙare, ya cinye kansa. Duk lokacin da aka saki totur ko aka taka, sai ya buga." Yana magana da sauri yanzu, irin ta da. "Shi mutumin, kafin kowane rami yake ɗaga ƙafa saboda ƙwansa. Sai ya ji ƙara, sai ya faɗa rami, ya ɗauka ramin ne. A kan kwalta ƙafarsa ba ta motsi, shi ya sa shiru. Da ina ji da kunnena, tun ranar farko zan gane ƙarar tana riga ramin. Ni kuwa na ɗauki maganarsa na bi ƙafafun mota ina ta canji."

Shi da kansa ya taka zuwa shagon kayan gyara. Na zauna a benci ina kallonsa yana bugun tsohon kuros ɗin da guduma, yana saka sabo. Hannunsa bai manta komai ba.

Wajen la'asar mai ƙwai ya iso, dogo, siriri, da hularsa a hannu. Mai walda ma ya matso, don ba a yin abu a layin nan babu shi. Na zaci maigida zai nuna tsohon ƙarfen ya ce an gano, shi ke nan. Ya nuna ɗin, sannan ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana gogewa.

"Akwai maganar da zan gaya maka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ya ce. "Kunnena ya tafi. Duk zagayen da muka yi kana tambayata ko na ji, ban ji ba. Kayan nan biyu da na cire lafiyarsu ƙalau, suna nan na ajiye, alhakinsu a wuyana yake. Wannan ma ba ni kaɗai na gano ba, ita ce ta ji min, duk ƙarar da ta ji sai ta buga min gwiwa."

Ya faɗe ta da ƙarfi, kamar yadda masu ciwon kunne suke yi, har masu faci na tsallake suka juyo. Mai walda ya sunkuyar da kai yana wasa da gilashinsa. Ni kuwa na san abin da maganar nan ta ci masa.

Mai ƙwai ya juya tsohon kuros ɗin a hannunsa. Ya matso daf da maigida, ya yi magana a fili yadda zai ga bakinsa. "Da ka faɗa tun farko, Likita, da ni ma na buga maka gwiwar. Mu je mu ji ta."

Mu uku muka matsu a gaba, ni a tsakiya. Maigida ya shiga layin ramukan. Ya ɗaga ƙafa, ya taka, ya ɗaga, ya taka. Idonsa rabi a hanya rabi a hannuna. Sai a lokacin na gane cewa shirun ma ba ya jin sa, sai na ba shi. Muka kai ƙarshen layin hannuna bai motsa ba.

"Babu?" ya ce, yana kallon bakina.

"Babu."

Ya leƙa ya dubi mai ƙwai, shi ma ya girgiza kai yana murmushi.

Da motar ta tafi, ya tsaya yana mayar da sifanu gurabensu ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni baya. "Akwai wata ƙaramar mota da za a kawo gobe," ya ce. "Mai ita ta ce tana kuka in an karya kwana."

Na zagaya gabansa. "Gobe asibiti za ka."

"Da safe asibiti. Motar sai azahar." Ya rataye sifana ta ƙarshe, har yanzu bai dube ni sosai ba. "In ɗinkin bai yi miki yawa ba."

Ɗinkin ya yi min yawa, akwai riguna huɗu da na yi alkawarinsu jibi. Na ce masa ya nemo tsumma mai tsabta ya shimfiɗa min a kujera, zan zo.