Funfuna a Hanta, In Ji Su

…to in funfuna ce kawai, me ya tsayar da hannun matar nan? Mai hoton ciki ta shafa wa Baban yara man nan mai sanyi, tana ta yawo da kan na'urar a cikinsa, sai ta zo ƙasan haƙarƙarin dama ta kafe. Danna, auna. Danna, auna. Ita kuwa matarsa tana tsaye a gefen gado, rungume da rigarsa, an ce ta yi shiru.

Funfuna! Abin da ke cin burodi da bangon banɗaki, wai shi ne a hantar mutum. Wa za a raina wa hankali? Makon jiya wannan na'urar ce ta ce tas yake. Yau da safe ɗige-ɗige, hanta da saifa, ga shi ana sake aunawa. Likita ya ce ai dama suna nan, sai da jininsa ya farfaɗo ya fara yaƙi da su sannan suka fito fili — har da cewa alama ce mai kyau. Mai kyau? Mutum na ta rawar ɗari da zazzaɓi?

Ko dai sankarar jinin da yake fama da ita ce ta bazu, suka sake mata suna don kada ta faɗi a ƙasa?

Irin wannan ɗakin, irin wannan man… lokacin tana da cikin Auta, shi a tsaye nan inda take, yana tsokanarta wai yaron ya ɗebo ƙaton kan danginta. Ranar har juyo musu allon aka yi. Yau an karkatar da shi. Ko hasken taga ne ya sa? A'a, ba hasken taga ba ne.

Kuma za a dakatar da maganin sankarar sai an kashe funfunar. Dakatarwa… haka aka ce da na gadon kusa, aka dakatar, aka dakatar, aka naɗe katifa. Tsoro take ji, wallahi.

"Ja numfashi, Malam. Riƙe."

Ya riƙe. Matarsa ta sauke ido don ta ga ko da zafi — ashe ba na'urar yake kallo ba, ba mai hoton ba. Ita yake kallo. Tun yaushe? Ya gaji da tambayar likitoci, a fuskarta yake neman sakamakonsa, ita kuma ta bar ta a sake tun ɗazu…

Ya Allah. Me ta riga ta faɗa masa?