Canelo Ya Ƙi Tashi

Sati shida Nubia ta yi tana horar da karen Don Efraín a makarantar karnuka da ke kan tudu, bayan garin Bogotá. Ranar Litinin motar makaranta ta mai da shi gida, har da takardar shaida a rataye a wuyansa. Ranar Laraba aka kira ta a waya, aka ce ta zo ta ga aikinta.

Don Efraín tsohon direban bas ne. Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ya tashi da sanda da harshe mai nauyi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, daga shi sai karensa Canelo a gidan. Shi kuwa Canelo ƙato ne ja, ba shi da mugunta, amma hankali bai dame shi ba. In ya hango tattabara sai ya manta akwai mutum a ƙarshen igiya, har sau biyu yana ka da tsohon a bakin titi. Shi ne 'yarsa Maritza ta yanke hukunci: ko kare ya koyi tafiya a natse a gefen babanta, ko a kai shi gonar kawunta a ƙauye, tafiyar awa bakwai. Nubia da bakinta ta ce wa tsohon ya kwantar da hankalinsa, karensa ba inda za shi.

Ta iske su a ƙofar gida. Don Efraín ya sa igiyar a wuyan hannunsa na hagu, ya dafa sanda da dama, ya ce, "Mu je." Ya taka, ya ja jiki, ya sake takawa, har igiya ta miƙe. Canelo na zaune inda yake kamar an dasa shi, yana kallon ubangidansa, ko gezau.

"Sannu da aiki," in ji Maritza. "A da shi ke jan Baba, yanzu Baba ke jan sa."

Nubia ta karɓi igiya ta ce mu je. Kare ya miƙe, kafaɗarsa daidai gwiwarta ta hagu, suka je kwanar titi suka dawo tsaf. Ta miƙa wa Maritza, ya bi ta. Aka sake, ya ƙi. Aka sake na uku, ya bi. Mai shagon burodi ta leƙo kallo, ita ma aka ba ta, ya bi ta har bakin tanda. Aka mayar wa mai shi, ya zauna daram. A shekara bakwai da Nubia ta yi a wannan sana'a ta ga mai cizo, ta ga matsoraci, ta ga wanda ya cinye kujerun falo, amma ba ta taɓa ganin wanda ke bin kowa ban da mutumin da yake kwana a ƙafarsa ba.

Maritza ta ce motar kawu za ta kawo dankali ranar Lahadi, kuma akwai wurin kare a bayanta in za ta koma ƙauye.

Ranar Alhamis Nubia ta zo da dabaru cike da jaka. Ta ce wataƙila muryar ce, don maganar tsohon ba ta fita sosai. Ta kawar da kunya ta kwaikwayi nauyin harshensa a gabansa, kare ya bi ta. Ta ce to sandar yake tsoro. Ta ari sandar ta dogara, ya bi ta. Ta ce warin man zafin da ake shafa wa tsohon ne. Ta yafa bargonsa na ulu, ta zagaya unguwa tana warin magani, mutane na kallo, kare na biye da ita a natse. Daga ƙarshe ta cika aljihun Don Efraín da busasshiyar hanta, wadda Canelo zai iya sayar da uwarsa a kanta. Tsohon ya taka yana kira. Miyau ya dalalo, jikin kare ya ɗauki rawa, wutsiya na share daɓe, har da ɗan kuka ƙasa-ƙasa, amma bai ɗaga ba. Wannan ne ya fi ɗaure mata kai. Ga so a fili, ga hanya a buɗe, ba wanda ya riƙe shi.

Likitan dabbobi ya latsa shi ciki da bai ya ce lafiyarsa ta fi tata. Ta koma wurin ubangidanta, Don Aristides, mai makarantar, wanda ya tsufa a aikin karnukan 'yan sanda kuma shi ya koya mata komai. Yana tsefe wani kare, bai ko ɗago ba. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, karen da ya zauna wani ne ya ce masa ya zauna. Ta tambaye shi wa, ya ce ai ita ta horar da shi, ta tambayi kanta. Irin taimakon Don Aristides ke nan, kana fita da tambaya biyu bayan ka shiga da ɗaya.

Don Efraín kuwa ya riga ya samo tasa amsar. Ranar Juma'a ya zuba mata baƙin kofi a ƙaramin kofi, ya zauna yana shafa kan Canelo da hannunsa mai lafiya.

"Daina wahalar da kanki, 'yata. Fushi yake da ni. Na sa shi a mota na juya baya, sati shida. Ko ni ne ba zan yafe ba." Ya dubi karen. "Ko kuma ya je makaranta ya waye, ya ga tafiya da gurgu ba ta dace da shi ba."

Ta ce kare bai san wannan ba. Ya ce to mene ne ya sani? Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ita ta karɓi kare mai son ubangidansa har yana ka da shi, ta dawo da wanda ba ya ko raka shi ƙofa.

Asabar ta wuce a banza. Lahadi da hantsi mota ta sauke dankali, ta tsaya a kwanar sama. Maritza ta fito da kwanon Canelo da tsumman da yake kwanciya a kai. Ba muguwa ba ce, ita ce ta kwana uku a asibiti lokacin faɗuwa ta biyu, kuma idonta ma ya yi ja.

Don Efraín ya ce zai raka karensa mota. Tun da ba ya bin sa, sai Nubia ta riƙe igiyar, shi kuma ta ba shi kafaɗa. Ta tsaya a hagunsa ta tallafe shi, Canelo na hagunta. Ta ce mu je, ta jira tsohon ya motsa, ta taka tare da shi.

Igiya ta miƙe a hannunta.

Ta waiwaya. Canelo na zaune, yana kallon ta. Ita ma yau ya ƙi ta. Kanta ya ƙara kullewa, ta sunkuyar da shi don kada su ga fuskarta, sai idonta ya sauka a kan ƙafafunsu. Tata ta dama na gaba, kusa da ta tsohon.

Nan take ta tuna makonta na farko a makaranta, Don Aristides na bin ta da naɗaɗɗiyar jarida yana bugun ƙwaurinta. In kina so kare ya bi ki, fara da ƙafar hagu, ita ce kusa da idonsa. In kina so ya jira, fara da dama. Abin ya shiga ƙafarta ya fita daga kanta. Ko da ta ari sanda ta yafa bargo, da hagu take tashi ba ta sani ba. Ta rubuta wa Maritza shafi biyu na ƙa'idoji, ba wannan a ciki, don ba wanda ke rubuta yadda yake taka ƙasa.

Ta zaunar da tsohon a dakali. Ta tashi da hagu, kare ya bi. Ta tashi da dama, ya zauna. Sau uku tana yi, sannan ta yi musu bayani. Ta ce laifinta ne, kuma in an ba ta sati uku za ta juya wa karen karatun, ya koyi tashi da dama.

Maritza ta girgiza kai. Ta ce an yi mata alkawarin sati shida a baya, kuma Baba ba zai taɓa farawa da hagu ba. Wata takwas mai gashin ƙashi na asibiti na roƙon sa ya tura ta gaba tare da sanda, ya ce shi ba zai ɗora ransa a kan matacciyar ƙafa ba.

Don Efraín bai ji su ba, karen yake kallo.

"Wato duk kwanakin nan, ce masa nake ya jira ni?"

"Haka ne, Don Efraín."

"Shi kuma yana jira."

Ya miƙa hannu aka ba shi igiya. Ya tashi da kyar, ya ture hannun Nubia. Ya kafa sanda a gaba, ya tsaya yana kallon ƙafarsa ta hagu kamar baƙuwa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Maritza ta ce, "Baba," bai kula ta ba. Takalmin ya ja ƙasa, ƙiii, bai fi taƙi ɗaya ba.

Canelo ya miƙe. Ya yi taku ɗaya, ya jingina kafaɗarsa da gwiwar, ya tsaya yana jiran na biyu.

"A hankali, ɗan banza," in ji tsohon, hawaye na bin gefen fuskarsa da ba ya motsi. "Ni ma yau na shiga makarantar."

Direba ya danna ham daga kwanar sama. Su kuwa ƙasa suka nufa, wajen shagon burodi. Maritza ta daɗe a tsaye da kwano a hannu, sannan ta shiga gida ta mai da shi inda yake, a gindin kujerar babanta.