Bangon Bayan Ƙofa

Da surukin wani mai fenti, uban matarsa, ya samo masa aikin fentin ofishinsu, abu ɗaya ya roƙe shi: kada ya taɓa bangon bayan ƙofa.

Surukin akawu ne a wurin duba dabbobi na kan iyaka. Shekara talatin ke nan, duk direban da ya tsaya da motar dawaki sai ya tambaye shi yadda ake cewa doki da yarensu, da dawaki, da dokina, da dawakinsu, ya rubuta da fensir a bangon nan. Yare goma sha tara, daga saitin kafaɗa har gwiwa.

Mai fenti ya ce, "Haba Baba, ko ƙuda ba zai sauka a wurin ba."

Ƙuda kam bai sauka ba. Burushi ne ya sauka, shafi biyu, lokacin da ya maƙale waya a kafaɗa yana yi wa matarsa bayanin cewa shi ba mai mantuwa ba ne.

Can ya farga. Ya kankare gefe ɗaya da wuƙa, fenti ya fita, rubutu ya bi shi. Sai ya buɗe ƙofar ta rufe wurin, ya tokare ta da bokiti.

Tsohon ya dawo daga filin motoci da shayi kofi biyu, yana ta sa albarka. Mai fenti ya kurɓa, ya ajiye kofin.

"Baba, ku janye bokitin nan ku gani."

Tsohon ya janye. Ya ɗora tafin hannu a bangon.

"Ya bushe?"

"Ya bushe, Baba."

"Hannunka da kyau. Ko tabo babu."

Da zaginsa ya yi, da ya fi wa mai fenti sauƙi.

Tsohon ya zaro fensir daga bayan kunne ya fara rubuta abin da ya tuna. A yare na goma sha ɗaya ya tsaya. Daga ranar mai fenti ya koma bin layin motoci da takarda yana tambayo sauran yarukan, har direbobi suna hango shi su ce, "Ga mai dawaki nan, ba ko jaki!" Cikin wata biyu ya kawo bakwai.

"Saura ɗaya, Baba. Wace mota zan tare?"

"Ba mota ba ce. Wani dattijo ne, da ƙafa ya wuce da goɗiya biyu, shekarar da matarka ta shiga firamare. Ya ce a ƙauyensu saura su huɗu masu jin yaren."

Mai fenti bai tambayi shekarun dattijon ba. Ya karɓi fensirin, ya durƙusa, ya ja gajerun layuka huɗu a saitin gwiwa, gurbin kalmomin nan huɗu, ya bar su babu komai a kai.