A Bar wa Makaranta

Kwamitin makarantar nan yana da wata al'ada, kuma Mai Kemis ne ya kafa ta tun ranar da aka ba shi shugabanci. Doka ta ce duk ɗan kwamitin da ya kashe kuɗinsa wajen aikin makaranta, na mota ne ko na waya, a mayar masa da abinsa. To, ƙarshen kowane zama sai shugabar makaranta ta shigo da faranti, ga ambulan a jere. Mai Kemis ake fara miƙa wa. Gogan naka sai ya ɗaga hannu, ya ce, "A bar wa makaranta." Ɗan Kwangila ma ya ce a bar wa makaranta. Tsohon Malami kuwa, wanda ya koyar da rabin mutanen ɗakin, har da shi Mai Kemis, muryarsa ta fi ta kowa tashi. Shi ne kullum yake isowa yana sharce gumi, yana cewa tafiyar ƙasa ita ce maganin tsufa. Haka faranti zai zagaya ya koma yadda ya zo. Wallahi abin yana yi wa Mai Kemis daɗi, har a gida yake ba da labari.

Ana nan sai Tela ta fara fashin zama. Ita ce wakiliyar iyayen da ke can bayan layin dogo, kuma ita kaɗai ce ke tuna wa kwamiti cewa yaransu sai sun tsallaka babban titi kafin su iso aji. Da fashin ya yi yawa, Ɗan Kwangila ya ce a zama mai zuwa a cire ta, a kawo mai lokaci. Mai Kemis bai so haka ba. Ya ce bari dai ya ji ta bakinta.

Ya same ta a shagonta, ɗan tsukuku, ƙyallaye ko'ina, allura a baki. Bayan labule wata tsohuwa tana ta tari.

"Malama, lafiya muka daina ganinki?"

Ta zare allurar, ta ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ranar zama sai na rufe shago, in hau mota in sauka in sake hawa wata, in biya yarinyar maƙwabta ta zauna da Inna. Ya fi ƙarfina, shi ke nan."

"Haba! Ba ga ambulan ana kawowa ba? Haƙƙinki ne fa."

Ta yi 'yar dariya. "Wa zai miƙa hannu bayan kai ka ture? A ce Tela ce mai cin kuɗin yara?"

Maganar ta soke shi. Ya buɗe baki zai ce shi zai riƙa biya mata daga aljihunsa, sai ya dubi fuskarta, ya haɗiye. Wannan ba matar da za a ba sadaka ba ce. Ya roƙe ta dai ta zo zama na gaba, ko da sallama ce za ta yi.

A hanya yana tuƙi yana jin kunyar kansa. Shi da yake zuwa da motarsa, ya bar yara suna tsare masa kanti, me ya taɓa bar wa makaranta in ban da kuɗin cingam? Garin neman gira ga shi ana shirin rasa ido.

Ranar zama Tela ta zo, ta zauna can kusa da ƙofa, jaka a cinya. Aka gama magana, faranti ya shigo. Mai Kemis ya sa hannu ya ɗauki ambulan ɗinsa, ya buɗe a gaban kowa, ya zura a aljihu.

Ɗan Kwangila ya ƙyalƙyale da dariya. "Shugaba, ko mutane sun daina ciwo ne?"

"Mai na sha a mota," in ji Mai Kemis. "Doka ta ce a biya ni. Mai son yi wa makaranta kyauta ya bi ta ofis, ba sai mun gani ba."

Ɗan Kwangila ya taɓe baki, ya ture. Faranti ya isa gaban Tela. Ta dubi farantin, sannan ta ɗauki nata, ta sauke jakarta ƙasa, ta gyara zama. Maganar cire ta ba wanda ya ƙara tayar da ita.

Saura Tsohon Malami. Mai Kemis ya sunkuyar da kai, yana jiran faɗa. Da ya ɗago, sai ya ga dattijon ya miƙa hannu, ya ɗauki nasa bai dubi kowa ba.

Da aka tashi, Mai Kemis ya tsaya a bakin ƙofar makaranta da makullin motarsa a hannu. Can gefen titi ya hango malaminsa ya ɗaga sanda yana tsayar da motar haya. Tun da aka kafa kwamitin, bai taɓa ganin ya hau ba.